Tambayi Metur (lauya): "Shaidunsu ƙarya sunka yi kuma alƙali ya yarda da su, in yi apel?"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Metur, ina gajiya ya iyali. Ni manomi ne daga wani ƙauye arewa da Tawa amma da rani cikin gari nike ina ƴar sana'ata. Babanmu Allah shi jiƙan shi ya ba wani maƙwabcinmu aron gona shekarar yunwar El-Buhari da zai tahi Abija ta ƙasar Côte d'Ivoire neman abinci, ni lokacin ina yaro amma ina da wayo kuma ina tune kowace kaka ana kawo muna dami biyu ko uku daga gonar nan har gida. Baba ya rasu mutumin ma ya rasu, yanzu da munka ce ma ɗiyanshi su ba mu gonarmu sai sunka ce wai saye ubansu ya yi. Munka je wurin maigari, munka je wurin sarki ba a shirya ba, anka tura mu kotu. Su sun kawo shaidu uku ni biyu, wallahi Metur ɗaya daga cikin nasu ƙanena ne nesa ba kusa ba amma ya tsaya ya ce gabanshi anka biya kuɗɗin, ɗayan kuma ɗiyar gidan yake aure. Alƙali ya yarda da su ya ba su gona. Ina son in yi apel, wato in ɗaukaka ƙara, amma wana da ke zaune Sakkwato ya ce kada in ɓata kuɗɗina, wai kotun sama ba ta taɓa abin da alƙalin farko ya gani da idonshi ya ji da kunnenshi. Dan Allah mi ne ne gaskiya?
Daga wani mai karatu, Tawa.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Kafin komai, ranar da ka karanta wannan amsa ka tashi ka je ofishin girefiye, wato magatakarda, na kotun da ta yi hukuncin ka tambayi abu biyu, kwana nawa suka rage maka na apel kuma wace kotu ce za ta karɓe shi. Na fara da wannan ne don wa'adin apel gajere ne kuma ba ɗaya ba ne ga kowace irin shari'a, ta al'ada daban ta sibil daban ta kasuwanci ma ƴan kwanaki ne kawai, in ya wuce kuma ko gaskiyarka ta kai ina ba wanda zai buɗe dosiyenka, wato takardun shari'arka. Mutane da yawa suna komawa gida suna shawara da dangi, a jira wane ya dawo daga tafiya, a jira a sayar da wake, kafin a gama lokaci ya tafi. Ka fara rubuta apel ɗin, shawara ta biyo baya, in ka ga ba riba kana iya janyewa.

To maganar yayanka. Bai yi ƙarya ba amma shari'ar inda yake zaune ya faɗa maka. Najeriya tsarin Ingila ta gada, can kotun ɗaukaka ƙara takardun shari'ar farko take dubawa kuma ƙa'idarsu tsohuwa ce cewa alƙalin da ya ga mai shaida ido da ido ya ji yadda muryarsa take rawa ko take tsaye, shi ya fi cancanta ya ce wane mai gaskiya ne, na sama ba za su taɓa wannan ba sai in ya bayyana ƙarara ya kauce ma abin da ke gabansa. Akwai wata shahararriyar shari'a ta Birtaniya a 1947, Watt da Thomas, da lauyoyinsu ke yawan kafa hujja da ita kan haka. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada kuma a wannan tsari apel shari'a ce ta biyu cikakkiya, kotun sama tana da ikon sake duba komai, abin da ya faru da abin da doka ta ce, ta auna shaidun da kanta ta ce mu ba mu gamsu da wannan ba mun gamsu da wancan, ba ta ɗaure da ganin alƙalin farko. Don haka ƙofa a buɗe take gare ka.

Amma zan gaya maka abin da ke faruwa a aikace don kada ka tafi da zaton da zai karya maka zuciya. Masu shari'ar apel yawanci ba mutane suke gani ba, dosiye suke gani. Shaidun nan uku da suka tsaya suka yi magana, abin da ya isa sama shi ne ƴan layukan da girefiye ya rubuta da Faransanci daga bakin tafinta, sai hukuncin da alƙali ya rubuta da dalilansa. Suna iya kiran shaidu a sake saurarensu, suna iya cewa a je gonar a gani, amma ba dole ba ne a kansu, sai ka roƙa kuma ka ba su dalilin da zai sa su ga akwai buƙata. In ka tsaya gabansu abin da kawai za ka ce shi ne wallahi ƙarya suka yi, kowa a garinmu ya sani, to ɗayan ɓangaren ma haka zai ce game da naka shaidun, su kuma masu shari'a ba su san ku ba ba su san garinku ba, abin da ya fi musu sauƙi su bar hukuncin yadda yake. Kenan a ƙarshe maganar yayanka tana iya cika a kanka ko da doka ba ta ce haka ba, in ba ka shirya ba.

Aikinka shi ne ka nuna musu da yatsa inda shaidar ta karye cikin takarda. Kuma daga wasiƙarka na ga wurare da dama.

Ɗauki wannan da ka ce ƙanenka ne nesa ba kusa ba. El-Buhari 1984 ne zuwa 1985, kowa a ƙasar nan ya san shekarar. In kai kana yaro lokacin shi kuma ka girme shi sosai, to shekara nawa gare shi ranar da ya ce an ƙirga kuɗi gabansa, biyar, huɗu, ko ma ba a haife shi ba? Kada ka faɗa da baki kawai, shekarun mai shaida ana rubuta su cikin takardar sauraren shaida tare da sunansa da sana'arsa, ka duba abin da aka rubuta, in akwai hali a nemi kotu ta sa ya kawo katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa. Na san dattawanmu da yawa takardarsu ta ce "an haife shi wajen shekara kaza" ba rana ba wata, amma ko da wajen ne, tazarar tana fitowa. Wannan hujja ce da mai shari'a a ofishinsa zai gane ba sai ya ga fuskar kowa ba, lissafi ne. Sannan a duba yadda aka rubuta maganarsa, ya ce na gani ne ko ya ce na ji babana yana faɗa? Sau da yawa mutum ji ya yi amma garin fassara da taƙaitawa sai ta koma kamar gani ya yi, shi ya sa nake cewa kowa ya nemi wanda ya iya Faransanci sosai kuma ya amince da shi ya karanta masa takardun layi-layi ya mayar masa da Hausa, ba a tsaye bakin kotu cikin sauri ba, a zauna a gida.

Na biyu surukin gidan. Surukuta kaɗai ba ta isa a ce mutum maƙaryaci ne ba, a ƙauye ma wa ba ya da dangantaka da wa, in aka ce sai bare zai yi shaida ba za a samu kowa ba. Abin tambaya shi ne yana da abin da zai samu in suka ci? Matarsa tana cikin magada, in gonar ta tabbata tasu tana da rabo, watakila ma shi ke noma wani yanki yanzu haka. Wannan shi ne abin da za ka fito da shi fili. Shari'arka ta gona ce marar titir, wato takardar mallaka ta hukuma, irin wadda kotunanmu ke yi bisa al'adar masu shari'ar tare da mashawarta na al'ada da ke zama gefen alƙali, al'adarmu kuma ta cakuɗe da fiƙihun Malikiyya, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san ba a karɓar shaidar abokin husuma ko wanda ake tuhuma da jan amfani zuwa kansa. Shin ka faɗi haka gaban alƙalin farko? In ka faɗa, an rubuta? In an rubuta, ya ba da amsa cikin hukuncinsa ko ya tsallake? Alƙali yana da ƴancin ya yarda da wanda ya gamsu da shi, ba ƙidayar kawuna ake ba a ce uku sun fi biyu, amma wajibi ne ya rubuta dalili. Hukuncin da ya ce kawai shaidun wane sun tabbatar, bai ce uffan kan naka biyun ba, bai ce uffan kan sukar da ka yi ba, hukunci ne mai rauni kuma nan lauya mai hankali zai sa ƙarfinsa.

Sai abin da ya fi burge ni cikin wasiƙarka wanda kai ka faɗe shi a wuce, damin da ake kawo muku kowace kaka. Ɗan'uwa wannan ya fi shaidun baki ƙarfi in ka iya tabbatar da shi. Wanda ya sayi gona ba ya kai ma wanda ya sayar masa dami duk shekara, wanda aka ba aro shi ke kaiwa don a san gona tana da mai ita. Wa ke ɗauko damin, a kan jaki ko a amalanke, wa ke karɓa, har wace shekara aka daina kuma mi ya sa aka daina? Mahaifiyarku in tana raye ta sani, matan gidan da suka sussuka hatsin sun sani, wanda aka aika ya kawo watakila yana nan da ransa ya tsufa. A apel ana karɓar sabbin shaidu da sabbin takardu matuƙar kan buƙatar nan ce ta farko, abin da ba a karɓa shi ne sabuwar buƙata, wato ba za ka zo neman gona ka ƙara da cewa ai akwai wata rijiya ma ba. Haka maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa, an saurare su? Su ne suka shekara arba'in suna noma kafaɗa da kafaɗa da ita, in ba a kira ko ɗaya ba wannan kansa dalili ne na roƙon kotu ta fita ta je wurin ta saurare su a can bakin iyaka, inda mutum ke jin nauyin ya yi ƙarya gaban waɗanda suka san komai.

Kada ka manta da zaman da kuka yi wurin maigari da wurin sarki. Sarakunanmu doka ta ba su ikon sasantawa ne ba yanke hukunci ba, kuma in sulhu bai yiwu ba ana rubuta takarda. Ka nemi kofinta. Abin da mutane ke faɗa zaman farko kafin kowa ya koya musu magana sau da yawa ya sha bamban da abin da suke faɗa a kotu, in can sun ce jingina ce nan sun ce saye, ko can sun ce jika goma nan sun ce jika talatin, ko can ba wanda ya ambaci wannan ƙanen naka sai daga baya ya ɓullo, ka ajiye takardun biyu gefe da gefe ka bar masu shari'a su karanta da kansu. Akwai kuma wata magana ta wa ya kamata ya kawo hujja. In har sun amsa da bakinsu cewa asalin gonar ta babanku ce, to su ke da'awar ta fita daga hannunsa ta hanyar ciniki, mai da'awa kuwa shi ke kawo hujja, haka addini ya ce haka ma dokar sibil ta ce a aya ta 1315. Ka duba ko alƙali ya juya nauyin ya ɗora maka kai ka tabbatar da aro alhali su ya kamata su tabbatar da saye.

Zan faɗa maka inda za su buge ka don ka shirya. Za su ce shekara kusan arba'in gona tana hannunsu kuna gari ɗaya kuna kallo ba ku ce komai ba, kuma malamai sun yi magana kan wanda ya ga ana riƙe da abinsa shekaru masu yawa yana nan ya yi shiru ba uzuri. Amsar wannan ita ce damin nan dai, don wanda ake kawo ma dami ba shiru ya yi ba, ana amsa masa mallakarsa ne duk shekara. Ka ga kenan komai ya koma kansa. In ba ka da ko mutum ɗaya da zai tsaya ya ce ni na kai ko ni na gani, gaskiya shari'arka ta yi nauyi, kuma gara ka sani tun yanzu kafin ka sayar da tumakinka.

Batun kuɗi kuwa, tun da dokar 2011 aka kafa hukumar ANAJJ mai taimaka ma marasa hali da shawara da lauya, tana da ofisoshi a manyan kotuna, ka tambaya a nan Tawa ko ka cika sharuɗɗansu. Sannan ka karanta ƙarshen hukuncin ka ga ko alƙali ya ce a zartar nan take ko da an yi apel, in bai ce ba apel yana dakatar da zartarwa. Ko ma mi ya ce dan Allah kada ka shiga gonar da ƙarfi in ruwa ya sauka, mun ga yadda rikicin gona ke komawa na jini a ƙasar nan, kai da ka je neman gona ka ƙare a gidan kaso. Kuma duk wanda ke karanta mu yana da gona hannun wani aro ko jingina ko haya, bisa tsarin dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ake kira Kofo tun daga ƙauye har komin har departama, suna rubuta takardar aro da ta saye da ta kyauta, a je a rubuta tun dattawan da suka yi maganar suna raye.

TAMBAYA

Metur barka da aiki. Ni ƴar kasuwa ce ina sarin albasa daga wajen Galmi ina aikawa Kwatano. Wani da muka daɗe muna hulɗa ya karɓi kaya na miliyan uku da ƴan kai ya biya rabi, sauran ya ce ya ba yarona a tasha hannu da hannu, ya kawo direba da ɗan kamasho suka shaida. Yarona ya rantse bai karɓi ko dala ba. Na faɗi a kotun farko na yi apel na sake faɗi. Ina da bokal ɗinsa, wato saƙon murya, na WhatsApp da yake cewa Hajiya ki ƙara haƙuri sauran kuɗinki na nan tafe, kuma bayan ranar da ya ce ya biya ya turo shi. Yanzu ina son in kai kotun ƙoli a Yamai ko nawa zan kashe.
Hajiya, Tawa.

AMSA

Hajiya sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Wasiƙarki ta dame ni don akwai abu ɗaya da ba ki faɗa ba kuma komai a kansa ya rataya, shin bokal ɗin nan ya shiga dosiye kafin kotun apel ta yanke ko yana cikin wayarki har yau?

Ga dalili. Kotun ƙoli ba shari'a ta uku take yi ba. Da ana ce mata Cour de cassation, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka kafa Cour d'État ta karɓi aikin, amma aikin bai canza ba, hukunci take dubawa ta ga ko an bi doka, ba ta kiran direba ba ta kiran ɗan kamasho, ba ta karɓar sabuwar hujja, kuma maganar wane mai gaskiya ne wane maƙaryaci ta ƙare a kotun apel, doka ta bar ma alƙalan ƙasa wannan awon. Abin da yayan mai tambayar farko ya faɗa game da apel a Najeriya, mu nan a wannan mataki yake kama mutum, har ma ya fi tsanani. In kika je kika ce shaidunsa ƙarya suka yi za a mayar miki da takardarki, kuɗin lauya ya tafi. Shi ya sa nake ta nanata ma mutane cewa apel shi ne zama na ƙarshe da za a saurari labarinku, duk abin da kuke da shi ku zube shi nan, kada a ɓoye wata hujja wai sai an je sama a fito da ita.

In kuwa lauyanki ya sa bokal ɗin cikin dosiye, ya rubuta cikin bayanansa cewa ga saƙon da mutumin ya amsa bashi ranar kaza bayan ranar da ya ce ya biya, kotun kuma ta yi hukunci ba ta ko ambace shi ba, to nan kina da magana. Ba za ki ce sun yi kuskuren yarda da direba ba, za ki ce an gabatar musu da hujjar da za ta iya juya shari'ar ba su amsa ta ba, rashin amsa kuwa rashin dalili ne, rashin dalili kuma saɓa doka ne da kotun ƙoli ke rushe hukunci a kansa. Haka in dalilan hukuncin suna karo da juna, ko an karanta wata rubutacciyar takarda mai ma'ana a fili an juya ta ta ce abin da ba ta ce ba. Ƙofofi ne ƙanana kuma sai lauya ya zauna da hukuncin ya karanta shi kalma-kalma.

Wani abu kuma, watakila ma ba Yamai ce hanyarki ba. Ku biyun ƴan kasuwa ne, cinikin kaya ne tsakaninku, dokokin kasuwanci na ƙasarmu kuwa na OHADA ne, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka sa ma hannu a 1993 wadda ƙasashe 17 ke ciki har da Nijar. In dokar OHADA aka yi aiki da ita a shari'arki, kotun da ke duba ta a matakin ƙarshe tana Abija ta ƙasar Côte d'Ivoire, ana ce mata CCJA, wa'adinta wata biyu ne daga ranar da aka miƙa miki hukuncin a hukumance kuma dole sai da lauya. Ki tambayi lauyanki wannan yau, don kai ƙara kotun da ba ita ba ɓata lokaci ne da kuɗi. Dokar nan ta OHADA da aka sabunta a 2010 ita ce ma ta ce tsakanin ƴan kasuwa ana tabbatar da ciniki ta kowace hanya har da ta waya da kwamfuta, wato bokal ɗinki hujja ce da ake iya karɓa, kamar yadda ita ce ta ba shi damar kawo shaidun baki kan kuɗi masu yawa haka ba rasit. Ga sauran ƴan kasuwa masu irin wannan saƙo a waya, kada ku tura shi nan da can ku goge na asali, ku kai wayar wurin wisiye, ma'aikacin shari'a mai rubuta abin da ya gani a hukumance, ya saurara ya rubuta lambar da ta turo da rana da awa da abin da aka ce, ya sa hannu da hatimi, wannan takarda ita ke shiga dosiye.

In bokal ɗin bai taɓa shiga ba Hajiya, ba zan ruɗe ki ba, hanyar kotu ta ƙuntata ƙwarai. Abin da nake gani ya fi shi ne ki sa manyan kasuwarku da yake jin kunyarsu su zaunar da shi a kunna masa muryarsa gabansu, wanda ya ci shari'a a takarda yana nan yana buƙatar a ci gaba da ba shi kaya bashi a tasha, kuma in ya amsa ko da biya kaɗan-kaɗan ne a rubuta ya sa hannu gaban shaidu.

TAMBAYA

Metur ni tambayata gajera ce, wanda ya yi mini shaidar zur a shari'ar gado zan iya kai shi ƙara a ɗaure shi? Kuma in na ce a ba shi Alƙur'ani ya dafa fa?
Wani ɗalibi, Yamai.

AMSA

Ƙanena shaidar zur laifi ce a dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, a addini kuma Annabi (SAW) ya lissafa ta cikin manyan zunubai, kana iya kai kuka wurin mai gabatar da ƙara. Sai dai ka sani tabbatar da cewa mutum da gangan ya yi ƙarya ya fi wuya nesa kan nuna cewa maganarsa ba abin dogaro ba ce. Tsoho yana iya rikita shekara, yana iya haɗa zama biyu ya mayar ɗaya, wannan ba zur ba ne mantuwa ce. Sai kana da abu mai ƙarfi, misali takardar da ke nuna ba ya ƙasar ranar da ya ce yana wurin, ko wanda ya ga an ba shi kuɗi kuma zai tsaya ya faɗa. In ka kai mutum ba hujja yana iya juyowa ya kai ka kan ƙazafi. Kuma kai ƙarar mai shaida ba ya tsayar da wa'adin apel ɗinka, kada ka bi wannan ka bar waccan ta wuce.

Rantsuwa kuwa a shari'un al'ada ana yin ta kuma mutanenmu suna jin tsoronta, amma yawanci abokin shari'arka ake ba, lokacin da hujja ta gaza. Ka yi tunani sosai kafin ka nema da bakinka, don in ka ce na yarda in ya dafa na bar masa, ya yi alwala ya dafa, to ka ɗaure kanka, da wuya wata kotu ta saurare ka daga baya kana cewa ai rantsuwar ƙarya ya yi. Tunda shari'arka ta al'ada ce ga abin da za ka sa a duba maka cikin hukuncin, an rubuta sunayen mashawartan al'ada da suka zauna, kuma an bayyana al'adar da aka yi hukunci da ita a fili ta ce kaza game da rabon gado? In babu, wannan gyara ne da kotun sama ke kamawa ba tare da an taɓa maganar shaidu ba ma. Ka turo mana kofin hukuncin ta adireshin mujalla ka rufe sunayen mutane, in duba in gaya maka abin da na gani a fitowa ta gaba in sha Allah.